Filin da Kawunki Ya Zuba wa Taki

Laraba. Aikin fari: shanya gyaɗa a kan tabarmi kafin rana ta ɗaga. An yi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Zuwa ga ƴata ta fari, wadda za ta hau mota gobe daga nan Dungas zuwa Damagaram. Ina gaishe ki, ina roƙon Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki. Na sa addu'ar a gaba don ki san tana nan, domin abin da zai biyo bayanta ba mai daɗi ba ne. Raina a ɓace yake.

Kin fita sallama gidajen dangi, Babanki ya tafi shagon ɗinkinsa, gidan shiru. Na ɗauko kaye, littafin da nake rubuta ayyukana na kullum, zan cire waɗannan shafuka in sa miki a jaka. Ni da ke ba ma doguwar magana. Ke ce ta fari, ko sunanki ba na kira, kuma da safen nan da na gwada yi miki magana baki da baki kin ga yadda ta ƙare, ke kina kallon ƙasa, ni ina kallon tukunya. To zan rubuta. A takarda ba na jin nauyinki.

Bari in jera abin da ya faru yadda na fahimce shi, in na kauce ki gyara mini. Da damina ta kama, malamarku ta jami'a, wadda kuke kira Madam, ta raba ku ƙauyuka don gwajin taki a gonakin hatsi. Ke aka ba Dogo-Dogo, kuma cikin gonakin da za ki kula da su kika sa ta Kawunki Idi, yayana. Kika kafa turaku, kika ja igiya, kika yanka fili uku. Ɗaya aka sa masa takin zamani ɗan kaɗan a gindin kowace shuka, ɗaya takin dabbobi, na ukun aka ce kada a sa masa komai. Shi ne kika ce ana kira shaida, don da shi ake auna sauran biyun. In babu shi, ba wanda zai iya cewa ga abin da taki ya ƙara. Wannan na gane shi tun ranar da kika faɗa, ni da karatuna ya tsaya a birbe, jarrabawar ƙarshen ƙaramar sakandare.

Kuma Madam ta gaya muku tun farko cewa mutum ɗaya za ta riƙe cikinku ya zama mataimakinta a binciken, da ɗan albashi, da hanyar yin masta. Saura kowa ya ɗauki digirinsa na lisans ya kama gabansa. Awon hatsin da kika yi da kaka, shi za ki kai mata, kuma da shi za ta auna ku.

Ranar Asabar na je suna a Guci. Muna zaune tsakar gida, Yaya Idi ya leƙo gaida mata, ya hango ni, ya ce:

"Rabi, ki gaya wa ƴarki ta kawo mini goron godiya. Ni na rufa mata asiri a gaban malamanta."

Na tambaye shi wane asiri. Ya gyara tsayuwa ya ba da labari, yana jin daɗin kansa. Ya ce filin nan da kika hana a taɓa, a bakin hanyar kasuwa ya faɗo. Bayan noman fari hatsin ya yi rawaya, ya tsugune kamar mai jinya, alhali na kusa da shi ya yi baƙi ƙirin. Masu moto, wato babur, suna rage gudu su kalla. Wani taubashinsa ya tsayar da jaki ya tambaye shi ko ya sayar da awakinsa ne, ko idon ne ya fara tafiya, ya ce kada ya damu, da kaka zai aiko masa da zakka. Yaya ya ce tun yana saurayi yake noma ba a taɓa tsayawa a yi wa gonarsa dariya ba. Sai ya ɗora wa jaki mangala ya kai takin awaki, ya haɗa da ragowar takin zamanin da kika ajiye a ɗakinsa, ya watsa wa filin, Allah Ya kawo ruwa a kai.

"Da aka zo girbi duka ukun kai ɗaya," in ji shi. "Ba ki gane marayan cikinsu."

Sannan ya ƙara da cewa ai ya gaya miki tun cikin damina, ranar da kika je auna tsayin kara. Na tambaye shi me kika ce. Ya ce kin ce, to Kawu, an gode.

An gode. Abin da kika ce ke nan.

Da safen nan na tambaye ki, ina fatan ki ce kin riga kin sanar da Madam. Kika ce Kawu ne fa, kuma gonarsa ce, ta yaya yarinya kamarki za ta tsaya gaban dattijo ta ce ya yi ɓarna a ƙasar ubansa. Kika ce gona ɗaya ce cikin gonaki masu yawa, in aka zuba lambobin duka a ordinater, wato kwamfuta, tata za ta nitse. Kika ce sauran ɗaliban ma ba wanda ya san abin da ya faru a nasu gonakin. Sai kika faɗi wadda ta fi ƙona mini rai:

"Inna, in na faɗa, aikin ya tafi. Ki bari in shiga tukuna."

Babanki yana shan kunu a bakin ƙofa, ya ce yarinyar tana da gaskiya, aiki ya yi wuya, a bar ta ta kafa ƙafa. Tasa maganar daban, za mu yi ta ni da shi.

Ban yi fushi da Kawunki kamar yadda na yi da ke ba. Shi manomi ne. A wurinsa barin shuka ta ji yunwa da gangan, taki na ajiye a ɗaki, zalunci ne, kuma abin kunya ne a idon gari. Abin da ya yi, a ganinsa alheri ya yi miki. Ke kuwa kin san me ya lalace. Kin sani tun cikin damina, kika ci gaba da zuwa da igiyar awonki, kika yanke zangarniya, kika rataya a sikeli, kika rubuta kilo kaza a ƙarƙashin “ba taki”, alhali kin san filin ya ci taki iri biyu. Da hannunki kika rubuta. Kuma in wannan lambar ta shiga, abin da za ta faɗa shi ne taki bai ƙara komai ba a Dogo-Dogo. Gonar ce za ta yi ƙarya, da bakinki.

Me kike zato Madam take nema? Mai lisans? Ki tsaya a tashar Magarya ki tambayi samarin da ke kabu-kabu, za ki samu masu lisans, har mai masta. Ɗan maƙwabciyarmu ya kai doktora, har yau koyarwar awa-awa yake yi, in an kira shi ya je, in ba a kira ba ya zauna. Kujerun jami'a kaɗan ne, kuma wanda ya hau ba ya sauka da wuri. Ba takarda ce ta yi wa Madam ƙaranci ba. Ita tana birni tana koyarwa, ba za ta iya tsayawa a kowace gona ba. Ido take nema, wanda zai je inda ba ta je ba ya dawo ya gaya mata abin da ke can, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Aikin ke nan gaba ɗaya. Ke kuma kina so ki shiga aikin ido da rufe mata ido, ki ce daga baya za ki gyara hali.

Na san wannan hanyar domin na bi ta. Kin san na yi aikin anket, zagaya gidaje ana tambayoyi ana cika takardu, tun kina goye har kika shiga kolej. Ba aikin dindindin ba ne. In masu bincike sun zo yankinmu sai a nemi mace mai birbe da ke jin Faransanci, a ɗauke ni wata ɗaya ko biyu. Labarin da zan ba ki ba asiri ba ne, Babanki ya san shi, ke ce dai ban taɓa zama na gaya wa ba.

Wata shekara wani malami daga Yamai ya zo binciken abin da mutane ke ci in rumbu ya ƙare, kafin sabon hatsi. A horon da ya yi mana ya ce kada mu zaɓi gida da kanmu. A fara daga masallaci, a shiga gida ɗaya, a tsallake wasu, a shiga na gaba, haka har ƙarshen gari, ko gidan wane ne. Aka sauke ni wani ƙauye a bayan Guci. Mai gari ya karɓe ni hannu biyu, ya sa aka dama mini fura, ya ce baƙuwa ba ta yawo ita kaɗai a garinsa, ya haɗa ni da matarsa. Ta kai ni gidan ƙaninsa, da gidan liman, da gidan mai injin niƙa. Duk gidan da na nufa mai dangar da ta faɗi, sai ta ja mayafina ta ce can ba kowa, sun tafi gona. Na san ba haka aka ce in yi ba. Amma na sha furarsu, kuma sa'ar uwata ce, sai na bi ta. Takarduna suka fito kamar ba a taɓa kwana da yunwa a garin ba.

Malamin ya duba, ya tambaye ni cikin sanyin murya ko na bi ƙa'ida. Na ce na bi. Bai yi gardama ba. Ya sa direba ya juya mota muka koma garin tare, ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce in nuna masa gidan farko, sannan na biyu. Na biyun na kasa nuna shi bisa ƙa'ida. A hanyar dawowa ya ce da ni:

"Madam Rabi, da kin ce mai gari ne ya ja ki, da na je na yi magana da shi, an gyara cikin yini. Yanzu duk takardar da hannunki ya taɓa sai na zubar, har ta garuruwan da kika yi daidai, don ban san wacce ce wacce ba."

Ya ci gaba da zuwa yankin nan shekara da shekaru. Bai sake nemana ba, kuma waɗanda suka tambaye shi a kaina ban san me ya gaya musu ba, na dai ga kiran ya ragu.

Ki lura da abin da ya faɗa. Bai kore ni don matar mai gari ta ja mayafina ba. Masu bincike sun saba da irin wannan. Akuya kan shiga fili, tsuntsu kan cinye, ruwa kan tafi da turaku, manomi kan yi abin da ya ga dama. Suna da hanyar da suke bi da shi in an gaya musu. Abin da ba su da maganinsa shi ne mataimakin da ya ce komai lafiya. Kina da gonaki da yawa a Dogo-Dogo da kika yi wa aiki tsakani da Allah, kin sha rana a kansu, kin faɗi da moto cikin rairayi kin tashi. Ranar da ta Kawunki ta fito, duka za su bi ta kwandon shara. Kuma za ta fito. Mutumin da ya ba da labarin nan a gidan suna, da murya sama, kina zaton in Madam ta kai ziyara gonarsa zai yi shiru? Shi zai tare ta da shi kafin ta sauko daga mota, yana jiran ta gode masa.

Ko da ba za ta fito ba, ba na so. Na faɗi ta fitowar ne don na ga ita kike ji.

Wani kuskuren nawa. Lokacin da aka daina takarda aka koma tablet, aka kira mu horo a Damagaram. Ni ce babba cikin matan, ni ce wadda ta fi daɗewa. Mai koyarwar yaro ne, yana sauri, yana cewa kun gane, kowa na cewa mun gane. Ban gane ba. Yatsana yana danna abu biyu lokaci ɗaya, shafin yana ɓacewa. Ƴan matan da ke gefena sa'o'in ƙanwata ne, na ji nauyin in ce su nuna mini. Sai na ce ni takarda ta fi mini, na'urar nan ba ta san mutane ba, na yi ta faɗin haka da ƙarfi kamar hujja ce. Ranar gwaji na zauna ina kallon gilashi. Aka ɗauki ƴan matan. Daga nan aikin anket ya bar ni, na dawo ga gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Yau wayar da ke hannuna ta fi waccan na'urar wuya, kuma na iya ta, don ƙanenki ya nuna mini a zaune ɗaya. Abin da ya raba ni da sana'ata bai wuce kalma uku ba: ban gane ba.

Don haka in Allah Ya sa kin zauna a wurin, ko a wani wurin, ki zama mai yawan faɗinsu. Kin gaya mini akwai manhajar lissafi da suke zuba lambobi a ciki, kin ce wani ɗan ajinku ne ke taya ki. Ki daina bari yana taya ki, ki sa ya koya miki, ki ɓata ki sake har hannunki ya saba. Kin ce yawancin rubuce-rubucen da Madam ke ba ku da Ingilishi suke, kina sa waya ta juya miki. Ki koyi harshen, ko shafi ɗaya a yini. Faransancinki na baki yana da kyau, na rubutu kuwa na ga rahotonki a kan tabarma, jimla ɗaya tana cin rabin shafi, mai karatu ya manta farkonta kafin ya kai ƙarshe. Ki rubuta gajere. Ki rubuta abin da kika gani a ranar da kika gan shi, a gonar, kafin ki hau moto, domin abin da aka bari sai an dawo gida zuciya tana yi masa kwaskwarima. Ban san rabin abin da ake koya muku ba, kuma wataƙila akwai abin da ya fi waɗannan muhimmanci da ban san sunansa ba. Na faɗi wanda na gani.

Na uku gajere ne. Duk shekarun da na yi, ban taɓa neman takardar shaidar aiki ba. In an gama, a yi godiya, a yi hoto, mota ta tafi. Ina ganin roƙo ne in ce a rubuta mini cewa na yi. Da wata ƙungiya ta zo neman mace mai gogewa, aka ce a kawo dosiye, wato takardun shaida, na buɗe akwati ban samu komai ba sai birbe da hotuna. Ke duk aikin da kika gama ki nemi takardarsa kafin ki bar biro, wato ofishinsu, da sa hannu da hatimi. In kin yi wahalar gona a kan wani bincike, ki tambaya da ladabi ko sunanki zai fito a rahoton. A wannan sana'ar da sunan da ya fito ake hawa mataki na gaba. Amma ki ga inda maganar ta dawo: sunan da kike so a buga, a kan wace lamba za a buga shi?

Akwai kuma laifinki na tun kafin takin, kuma shi ne gwanintar da na ga ba ki da ita ko kaɗan. Ina wurin ranar da kika yi wa Kawunki bayani, a zauren gidansa. Kin ce wannan a sa kaza, wannan a sa kaza, wannan kada a sa komai, rabin maganar da Faransanci, kina duba waya. Ya ce to. Ba ki gaya masa dalili ba. Ba ki ce masa, Kawu, filin nan zai yi muni, munin nasa muke so, shi ne zai nuna wa mutane darajar takinka. Ba ki tambayi kanki me zai ji ba in mutane suka bi ta hanyar kasuwa suka gani. Kin ce ƙuri'a ce ta jefa shaidar bakin hanya, ba a canjawa. To na ji. Me ya hana ki kafa allo a wurin, da Hausa, cewa an bar shi ne da gangan don gwaji? Me ya hana ki je wurin mai gari ki roƙa a faɗa bayan sallar Juma'a, yadda mai tsokana zai san ba lalacin Idi ba ne? Kuma ki bar masa ragowar taki a ɗaki, yana kallonsa safe da yamma, shukarsa na rawaya? Kin girma a cikin mutanen nan. Abin da kika fi ɗan birni da shi ke nan, kin san abin da ke ba manomi kunya, kin san yadda ake ce wa babba a'a ba tare da an ce a'a ba. Kin bar wannan a gida kin tafi gona da igiya da sikeli kawai.

Yanzu bari in faɗi inda nake shakka, don kada ki ce na ɗauki kaina malama. Ban san Madam ba, sau ɗaya na ji muryarta a wayarki. Wataƙila in kin faɗa ta ce, me ya sa sai yanzu, ta ɗauki wani. Tana da hakkin ta ce haka, watanni kika yi kina riƙe da maganar. Wataƙila kuma kina da gaskiya cewa gona ɗaya ba ta juya lissafi, ni ban san yadda ordinater ke haɗa su ba. Kuma na san abin da nake sa ki saka a kan faranti. Na ga yadda kike tashi da asuba kina karatu, na san Babanki ya riga ya gaya wa abokansa ƴarsa za ta yi aiki a jami'a. Tun Asabar nake tambayar kaina ko haushin abin da na rasa ne nake saukewa a kanki. Wataƙila akwai wannan a ciki. Na auna, na sake aunawa, amsar ba ta canja ba. Ko gonar tana juya lissafi ko ba ta juyawa, ba ke ce za ki yanke ba. Binciken nata ne. Ki ba ta, ta yanke.

Ga yadda nake so ki yi. Kada ki miƙa mata awon tukuna ki ce daga baya za ki samu lokaci, lokacin ba zai zo ba. Ki shiga, ki gaishe ta, kafin ki buɗe jaka ki ce akwai gona ɗaya da shaidarta ta lalace. Ki faɗi me aka zuba, da wajen yaushe, da ranar da kika sani. Ranar da kika sani ita ce mai wuyar faɗa, kada ki matso da ita kusa. Kada ki jingina komai ga Kawunki, ki ce tsoho ne bai yi lakwal ba, bai san boko ba. Ki ce ba ki yi masa bayani yadda ya kamata ba, kuma da ya gaya miki kin ji nauyinsa, sannan kin ji tsoron rasa aikin. Ki gaya mata abin da za ki yi baɗi don kada ya sake faruwa. Daga nan ki yi shiru, ki saurari abin da za ta ce, ko faɗa ne, ba kuka, ba roƙo.

Ba zan kira ta ba. Ba ni da lambarta, kuma ko ina da ita ba zan yi miki wannan a bayan ido ba. Ke za ki faɗa ko ki ƙi. In kin faɗa ta sallame ki, ki hawo mota ki dawo, ɗakinki na nan, ba wanda zai yi miki gori a gidan nan ina raye, har Babanki. Za mu sake haɗa dosiye, akwai wasu malaman, akwai ƙungiyoyi masu neman wanda ya san gona ya san na'ura. In kuwa kin ƙi faɗa aka ɗauke ki, zan yi miki addu'a kamar kullum, ke ƴata ce. Amma kada ki aiko mini da atamfar albashin fari. Ba zan ɗaura ba.

Saura ɗaya, kuma ba tsoho ba ne, na ranar Asabar ne. Da Yaya ya gama labarinsa, matan suka yi dariya, suna cewa Allah Ya bar zumunci, kawu ya yi kawu. Ni ma na yi dariyar. Na san abin da ya lalace tun bai rufe baki ba, amma yayana ne, shi ya riƙe mu bayan rasuwar Baffa, kuma a gaban mutane ne. Na ce masa, sannu da ƙoƙari Yaya. Na dawo gida na kwana huɗu ina tafasa a kanki don kin ce an gode. Da na zo rubuta wannan shafin na ga bambancin maganata da maganarki ba shi da yawa. A wurina kika koya. Wannan kason nawa ne, ba zan ɗora miki shi ba.

Na sa miki ƙuli-ƙuli da yaji a baƙar leda, da man gyaɗa a gora, ki tsayar da ita kada ta zube a kan takardunki. Ki gaida Goggonki da za ki sauka wurinta, ki taya ta aiki, kada ki zauna kamar baƙuwa. In kin fito daga wurin Madam ki kira ni, ko me ta ce. Ba sai kin yi dogon bayani ba, ki ce mini kin faɗa.

Allah Ya tsare hanya, Ya tsare ki daga sharrin mota da na mutum. Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya a bakin ƙofar nan, Ya sanya tausayi a zuciyar malamarki. In aikin alheri ne gare ki Allah Ya ba ki shi da hannu mai tsabta, in ba alheri ba ne Ya musanya miki da wanda ya fi shi. Na yafe miki ɓacin ran da kika sa ni, ke ma ki yafe mini zafin bakina. Wassalamu alaikum.

Innarki.

Gobe Alhamis, abin da ya rage:

Raka ta tasha, a samar mata kujerar gaba saboda jiri.
Kwashe gyaɗa, rabi bai bushe ba.
Kai niƙa.
Gyaran igiyar tunkiya, ta kusa tsinkewa.
Magana da Babansu, bayan ya ci abinci.
Neman mai moto zuwa Dogo-Dogo. Wurin Yaya Idi, shi kaɗai, ba gaban iyalinsa ba. In gaya masa takin nan ɓarna ya yi, kuma in malamar ta tambaye shi ya faɗi yadda aka yi. Ban san ta inda zan fara ba. In je dai.